Kan Mai Aski Daga Ciki

Tun da aka fara ɗora wa ɗan Adam kai a bisa wuya, ba a yi wanda ya san kan mutum kamar Rula mai aski ba. Wannan magana ce tabbatacciya, domin shi da kansa ya faɗe ta, kuma yakan faɗe ta ne aska tana kan maƙogwaron mai sauraro, lokacin da ba a cika samun masu gardama ba. Yakan ce da ya dafa ƙeyar mutum ya san ko mai haƙuri ne, ko maƙaryaci, ko wanda matarsa ba ta yi masa magana ba da safen nan. Abin da kawai ya rage a iliminsa shi ne, duk kawunan nan ta waje ya san su, ta wajen ma iyakar inda gashi ya tsiro. Nasa kuwa bai taɓa ganin bayansa ba sai da madubi biyu, shi ma ƙanensa ke riƙe da ɗaya.

Mahaifinsa ya so ya zama mai zanen gine-gine, saboda tun yana firamare in ya ja layi da hannu, malami yakan ɗora rula a kai ya rasa abin cewa. Daga nan sunan ya samo asali. Aka kai shi makarantar koyon sana'a, inda aka gano cewa zanen gini, ban da layi, yana buƙatar lissafi. Ya dawo gida da sunansa da layinsa, ya buɗe shago a bayan tashar mota, tsakanin mai gyaran waya da mai sa wa hotuna firam.

Shagon kujera biyu gare shi, da dogon madubi, da benci na masu jira da masu zaman da ba jiran komai suke ba, da fanka wadda ta daina juya wuya tun da daɗewa, ta zaɓi kusurwa ɗaya take yi wa hidima. A bango akwai babbar takarda mai hotunan kawunan wasu samari, kowane kai da lambarsa, mutum ya nuna wanda yake so. Aikin kuwa raba shi aka yi. Ƙanensa, wanda yanzu yake da 'ya'ya da furfura a gemu amma har gobe Auta ake ce masa, shi ke riƙe injin aski a kujerar farko. In ya gama rage suma, sai mutum ya tashi da mayafin aski a wuya ya taka zuwa kujera ta biyu. A nan Rula yake jira da aska. Shi ke jan layin goshi, ya zagaya bayan kunne, ya sauko ƙeya, ya daidaita saje. Kujerar Auta yana kiranta sharar fili, tasa kuma gini. Mutane kan tsallake shaguna da yawa su zo saboda wannan layi. An ce akwai wanda aka ɗauka aiki a banki saboda shi, ko da yake mutumin yana da takardu ma.

Ciwon da sallama ya shigo, Rula ne bai amsa ba. Da farko idonsa na hagu ya riƙa gani dishi-dishi, jan tawul ya koma masa ruwan ƙasa. Ya ce madubin ne ya tsufa, aka sauke shi aka sa sabo. Bayan 'yan makonni idon ya washe, ya ce kun gani. Shekara ta zagayo, ƙafarsa ta dama ta yi nauyi kamar an sa mata safa uku. Ya ce takalmi ne, ya ba Auta takalmin. Ƙafar ma ta saki, ya sake cewa kun gani. Sai abin ya zo hannu, kuma hannu ba shi da wanda za a ɗora wa laifi. In yana ajiye a cinya lafiyarsa lau. Sai ya doshi abin da yake so ya taɓa, ya kusa kaiwa, sannan ya fara kaɗawa kamar yana gaisawa da wani a nesa. In zafin rana ya taso abin ya fi tsanani.

Ranar da asiri ya tonu Hedimasta ne a kujera, wani dattijo da ya yi ritaya daga shugabancin makaranta amma bai yi ritaya daga jawabi ba. Layin ya taso daga dama sumul, ya zo tsakiyar goshi, ya yi tsalle ya hau sama kamar matakala, sannan ya ci gaba da tafiyarsa.

Hedimasta ya matsa kusa da madubi. "Rula, wannan fa?"

"Sabon yayi ne, ranka ya daɗe. Bai ma iso garin nan ba. Kai na ga ya dace a fara da shi."

"Ni? Da shekaruna?"

"Ai shi ya sa. Yaro ba zai iya ɗaukarsa ba."

Kafin mako ya ƙare samari sun fara zuwa suna cewa a yi musu irin na Hedimasta, Rula kuwa ya yi iya ƙoƙarinsa ya kasa maimaita shi da gangan. Auta bai yi dariya ba. Ya bi ta gidan yayansa ya sami matar, wadda take koyarwa a firamare, kowa Malama yake ce mata har mijin.

"Matar Yaya, hannun mutumin naki fa..."

"Sai yau ka gani? Ni da nake wanke rigunan da yake zuba wa shayi?"

A asibiti aka yi ta tura su daga wannan ɗaki zuwa wancan har suka dangana da likitar ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, wata mace marar yawan magana, ta ce sai an ɗauki hoton cikin kansa. Rula ya ji kalmar hoto, ya ba abin muhimmancin da ya dace. Ya sa Auta ya yi masa aski, ya saka kayansa na fita kunya, ya fesa turare. A ƙofar ɗakin hoton aka karɓe agogo da zobe da bel da makullai, domin na'urar ta maganaɗisu ce, duk ƙarfen da ta gani fizge shi take yi. Aka tambaye shi ko da saura, ya ce babu, sannan ya tuna, ya zaro ɗan almakashi daga aljihun gaba, ya zaro wani daga na baya. Aka ba shi wata riga mai ɗauri ta baya wadda ba ta san darajar kowa ba.

Mai ɗaukar hoton ya kwantar da shi a kan wani siririn gado, ya toshe masa kunnuwa, ya kifa masa wani abu kamar kwando a fuska.

"Kar ka motsa kai, Malam."

Shekara da shekaru Rula yana faɗa wa mutane wannan magana, bai taɓa sanin haka take da sanyi ba in kana ƙasa ana faɗo maka ita daga sama. Gadon ya zarce da shi cikin rami. Na'urar ta fara aiki: ta yi maƙera, ta yi injin niƙa, ta yi bugun ƙofa irin na maƙwabcin da gidansa ya kama wuta. Hancinsa ya yi ƙaiƙayi. Ya daure, kada a ce mai aski ya kasa abin da yake sa yara yi. Da aka zaro shi ya tambaya, "Na fito da kyau?" Mai hoton ya ce likita za ta yi bayani, amsar da Rula ya ɗauka a matsayin hassada.

Likitar ta manna baƙar takardar a jikin allo mai haske. Kan Rula ya bayyana yanka-yanka, kamar an yanka kabeji an jera. Askin bai fito ba ko kaɗan. A cikin toka-tokar ƙwaƙwalwar akwai 'yan fararen ɗigo a warwatse.

"Jijiyoyin da ke kai saƙo kamar wayar lantarki suke," in ji ta, "kowace da rigarta. Sojojin jikinka ne suka rikice suke yagar rigar. Duk inda suka yaga sai ya bar tabo, su ne fararen nan. Saƙo in ya zo wurin sai ya yi tuntuɓe. Mu muna kiran ciwon em-es."

Rula ya gyara zama, ya ji an zo fagensa. "Makero ke nan, amma ta ciki."

"Ba makero ba ne."

"Na yi maganin irinsa ya fi a ƙirga, likita. Akwai man da ake shafawa?"

"Babu. Akwai maganin da ke hana sojojin sake kai hari. Ba ya warkar da ciwon, amma yana rage masa gudu. Ka fara shi, in an kwana biyu mu sake hoto mu ga ko an sami sabon tabo."

Sannan ta ɗaga ɗan yatsanta ta ce ya taɓa shi, ya taɓa hancinsa, ya sake. Yatsan Rula ya tashi da niyyar hanci ya sauka a kunci. Wannan ya ɓata masa rai ƙwarai. Na'ura mai girman ɗaki ta gama dubansa ciki da bai, a ce kuma sai an koma wasan 'yan raino?

A gida Malama da Auta suka sa shi a tsakiya, suka ce ya ajiye aska.

"Baban yara, yau goshi ne. Gobe kunnen wani ne."

"Kunne nawa na taɓa yankewa?"

"Shi ya sa muke so a tsaya a haka," in ji Auta.

"Kai rufe mini baki. Kai da layinka yake tafiya kamar akuyar da ta tsinke igiya?"

Da Rula ya ga sun fi shi yawa, sai ya nemi alƙali. Ya ce bai yarda da hukuncin mata ba, don tana sonsa, bai yarda da na ƙane ba, don yana son kujerarsa. Na'urar nan kuwa ba ta da miji, ba ta da wa. Zai ajiye aska har a sake hoto. In an ga sabon tabo ko ɗaya, ya haƙura da ita har abada. In ba a gani ba, a dawo masa da abarsa a gaban jama'a, kuma kada wanda ya sake kawo masa zancen hanci. Malama ta dubi Auta, Auta ya dubi silin. Suka yarda, domin ta haka kaɗai askar za ta kwana a durowa a ranar. Aka kira Hedimasta ya zama shaida, ya zo ya yi jawabi.

Rula ya kai hoton shago ya manna a gilashin taga, kusa da takardar samfurin aski, inda rana za ta haska shi. Cikin kwana kaɗan duk mai zama a bencin ya zama masanin ƙwaƙwalwa. Ba a taɓa daidaitawa a kan yawan tabon ba, domin mai gyaran waya yana haɗawa da kashin ƙuda. Rula da kansa ke yi wa baƙi bayani, yana nuni da tsinin mataji. Ya san tarihin kowane ɗigo. Wannan na shekarar da ƙungiyarsa ta ƙwallo ta faɗo ƙasa ne. Wannan babban na ranar da Auta ya aske wa ango gira. Waɗannan ƙananan da suka taru wuri ɗaya, ziyarar dangin Malama ce.

Daga wannan bincike ya gano cewa ɓacin rai da yawan tunani ke kawo tabo. Likita ba ta ce haka ba, amma ba ta musa ba, tunda bai tambaye ta ba. Saboda haka ya yanke shawarar daina tunani har ranar hoto. Ya kashe rediyon shago, ya hana gardamar ƙwallo da ta siyasa, benci ya koma kamar zaman makoki. Duk abin da aka faɗa masa sai ya lumshe ido ya ce, "Allah ya kyauta." Aka ce masa mai tsaron gidan ƙungiyarsu ya jefa ƙwallo a ragarsa, ya ce Allah ya kyauta, jijiyar wuyansa tana rawa. Maganinsa bai taɓa tsallakewa ba, har Malama ta fara zargin ko an canza mata miji. Abu ɗaya ya ƙi, wato motsa hannun da aka koya masa a asibiti, na tsintar maɓallai ana jefawa a kwalba. Ya ce hannu ba ya cikin yarjejeniya. Wanda zai shiga jarrabawa shi ake yi wa bita.

Mafi wuya shi ne kallon Auta yana jan layi. Aikin Rula yanzu riƙe madubin ƙeya ne da kakkaɓe wuya da hoda. Layin Auta ba laifi, duk wanda ya gani zai ce ya miƙe. Rula kaɗai ke ganin inda ya kauce da kaurin gashi ɗaya, kuma ba shi da damar yin fushi. Sai ya juya baya yana kallon fanka, wani ɗan sauti yana fita ta hancinsa kamar buta ta kusa tafasa.

"Yaya, in akwai gyara ka faɗa."

"Allah ya kyauta."

"Wallahi gara ka zage ni."

In shago ya yi shiru yakan jawo durowa ya dubi askar, bai taɓa ta ba, ya mayar ya rufe. Tun yana saurayi, in aka tambaye shi shi wane ne, abin da ke cikin durowar nan ne amsarsa.

Ranar hoto na biyu Malama ta raka shi, ya shiga ramin kamar ɗan gida. Likita ta jera tsohon hoton da suka ciro daga tagar shago da sabon, ta daɗe tana dubawa daga wannan zuwa wancan. Rula ya riƙe numfashi, ya daina tunani gaba ɗaya, wannan karon ba da gangan ba.

"Babu sabon tabo," in ji ta. "Maganin yana aiki."

Rula ya miƙe tsaye. Ya zauna. Ya sake miƙewa ya kama hannun Malama ya girgiza kamar yau aka gabatar da su. Ya yi wa likita addu'a, da iyayenta, da wanda ya ƙera na'urar.

"Zauna tukuna. Taɓa yatsana, ka taɓa hancinka."

Ya yi mata don kara, yana dariya. Yatsan ya sauka a gefen ido.

"Ka ji ni da kyau," in ji likita. "Hoton cewa ya yi ba a ƙara ɓarna ba. Bai ce tsohuwar ta gyaru ba. Ina da wanda kansa ya fi naka tabo, a guje yake hawa bene. Ina da wadda nata 'yan kaɗan ne, a keke ake turo ta. Wani tabon inda ya zauna ne ke magana, wata ɓarnar ma hoton ba ya ganinta. Shi ya sa nake duba hannun. Ni a ganina aska..."

Malama ta ji duka. Rula ya ji har zuwa "aiki", daga nan kuma yana waya. "Auta! Share kujera! Ko ɗaya! Na ce maka ko ɗaya!"

A mota Malama ta gwada. "Baban yara, ka ji abin da ta ce a kan hannun?"

"Malama, da bakinki kika yarda. Hedimasta shaida." Ya miƙa wa direba hoton ya gani, direba ya ce ma sha Allah, ya kusa hawa kan mai keke.

Labari ya riga su isa. Titin ya ɗauka cewa Rula ya warke, mai gyaran waya ya ce shi tun farko ya faɗa. Mai firam ya karɓi hotunan biyu ya sa su a gilashi mai ruwan zinariya a gefe, irin wanda ake sa wa takardar digiri. Aka kawo lemo, aka kunna rediyo, aka buɗe gardamar ƙwallon da aka daɗe ana tarawa. Rula ya zagi mai tsaron gida zagin watanni, ya ji kansa ya yi sakayau. Rana ta take, shago ya cika maƙil, fanka tana hura wa kusurwarta.

Hedimasta ya buga kwalba da mabuɗi, ya yi jawabi a kan haƙuri, da kimiyya, da muhimmancin sana'ar hannu ga ci gaban ƙasa. Ya ce shi a shirye yake ya miƙa wa wannan bawan Allah wuyansa ko a cikin duhu. Sannan Auta ya jawo durowa, ya sa sabuwar reza a askar, ya ɗoro ta a kan farin tawul ya miƙa da hannu biyu. Aka yi tafi har masu jiran mota suka leƙo.

Rula ya karɓa. Ya kaɗa mayafin aski ya yi ƙara kamar tuta, ya juya kujera ta fuskanci jama'a.

"To, bismilla. Wa zai fara?"

Nan aka ga abin mamaki: a duk shagon ba mai buƙatar aski. Mai gyaran waya ya tuna ya bar wayar mutane a buɗe. Mai firam ya ce shi tara suma yake yi. Wani da gashinsa ya rufe kunne ya ce jiya-jiya aka yi masa.

"Ranka ya daɗe?"

Hedimasta ya shafa goshinsa. "Ai ni shaida ne, Rula. Ina ka taɓa ganin shaida ya hau kujerar?"

Aka yi 'yar dariya, ta mutu da wuri. Rula na tsaye da mayafi a hannu ɗaya, aska a ɗaya, murmushin yana nan a fuskarsa amma ya fara gajiya. Malama tana bakin ƙofa tana kallonsa.

Auta ya ajiye kwalbar lemonsa, ya zo ya zauna.

"Dama goshina ya cike, Yaya."

"Kai da ka saba da layi a karkace, za ka gane mai kyau in ka gan shi?"

"Gwada ni mana."

Rula ya ɗaura masa mayafi, ya shafa kumfa, ya dafa kan da hannun hagu. Wannan kan ya fi sani a duk duniya, shi ya fara yi masa aski da almakashin mahaifiyarsu, aka yi musu duka tare. Ya ɗaga aska. Tana sama lafiya lau. Ta doshi goshi, ta kusa, sai ta fara rawa. Ya kafa ƙaramin yatsa a kan fata ya tokare, ya ja. Layin ya tafi kaɗan, ya yi tsalle. Ba komai, ana gyarawa, sai a ɗaga sauran ya daidaita da inda ya hau. Ya ɗaga. Wajen ɗagawar, dama ta fi hagu. Ya koma hagu. Zufa ta sauko masa, zafin ya ƙara wa hannun kuzari. Goshin Auta ya yi ta samun ƙarin fili a hankali, kamar gonar mai cin iyaka. Auta ya rufe ido. Jini bai fita ba ko ɗigo, wannan ya kamata a faɗe shi.

Da ya ɗaga hannu, shago ya ɓarke.

"Kai! Goshi ya fito!"

"Irin na manyan mutane!"

"Dubi yadda fuskar ta yi haske," in ji Hedimasta. "Ashe da can a rufe take."

Rula bai ji su ba, yana kallon madubi. Ya yi ƙarya a kan ƙeyar mutane, ya yi a kan yayi, ya yi a kan tabon kansa, kuma duk ya ji daɗinsu. A kan layi ne kaɗai bai iya ba. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya goge askar a tawul, ya naɗe ta, ya zura ta a aljihun rigar Auta ta ƙarƙashin mayafi, ya danna da tafin hannu.

"Da wuyan hannu ake ja," ya ce a hankali. "Kai kullum da yatsu kake ja. Shi ya sa."

"To, Yaya."

Ya juyo ga jama'a, ya buɗe murya. Ya sanar da cewa tunda na'ura ta wanke shi, kuma kowa ya ga aikinsa da idonsa, lokaci ya yi da zai ƙara wa kansa girma. Daga yau shi ne babban mai duba layi na wannan shago. Ba kan da zai fita ƙofar nan sai ya sa masa ido, kuma an dawo da zagi. Aka yi tafin da ya fi na farko. Mai gyaran waya ya dawo, mutumin da aka yi wa aski jiya-jiya ya haye kujerar farko. Malama ta juya baya tana gyara ɗankwalinta, ta daɗe tana gyarawa. Hedimasta ya ce wannan rana ce da tarihin titin ba zai manta da ita ba, ya nemi a ba shi dama ya ƙara 'yan kalmomi.

Washegari Auta ya zo aiki da hula.